Ranar da Na Aika wa Manoman Girei Ambaliya

Tun da aka halicci ɗan Adam, ba a ba shi baiwar da ta kai ta sanin inda yake kafin ya buɗe baki ba. Da ita ake riƙe mulki, da ita aure ke daɗewa, da ita malamin makaranta ke kaiwa fansho ba a mare shi ba. Ni da ban samu rabo mai yawa a cikinta ba, sai na ɗauki alwashin koya wa kwamfuta.

A lokacin ina zaune a Jimeta, ina koyar da rubuta manhaja. Wata ƙungiyar masu noman rani ta bakin kogin Binuwai, wajen Girei, ta nemi in yi mata abin da zai riƙa aika wa manoma saƙon tes: taki ya iso, akwai taro, sai kuma babban dalilin, gargaɗi idan an sako ruwa daga madatsar da ke sama. Wanda ya taɓa ganin kogin nan ya cika ba hadari ba yayyafi ya san ba maganar dariya ba ce.

Na rubuta manhajar da wani harshen kwamfuta da komai a cikinsa fankshan ne, wato ɗan aikin da za ka ba shi abu ya mayar maka da abu, kuma amsarsa ta yau ita ce ta gobe. Mai gaskiya, amma ba ya duba fuskar mutane. Sai na bi wata dabara da na karanta: fankshan ɗaya ne, amma kana ɗinka masa riguna, kowace da halinta, ka sa masa wadda ta dace alhali manhajar tana tafiya, ba sai ka kashe ta ba. Fankshan ɗina mai aika saƙo in ba riga, wayoyin mutane yake nufa kai tsaye. In na sa masa rigar gwaji, sai ya rubuta a allon kwamfuta kawai, ba ya fita daga ɗaki. Na yi alfahari da wannan har ɗalibaina suka fara kallon agogo.

Abin da na manta, harshen nan rago ne da gangan. Ba ya yin aiki sai an nemi sakamakonsa. Ka ce masa yi kaza, ya ce to, ya ajiye.

Wata ranar Talata da hantsi, albasa ta kusa cira, ina ofishin ƙungiyar tare da jami'ar gonarsu, wata mata 'yar kudancin jihar, mai tabarau da muryar mawaƙan coci. Na ce bari in nuna mata gargaɗin ambaliya. Na sa rigar gwaji, na ba da umarni, na cire rigar, sannan na ce a nuno min jerin saƙonnin. Sai a lokacin ragon ya tashi aiki. Ya duba jikinsa, ba riga.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Tawa ta yi a aljihu.

Ta ɗauka ta karanta a fili: ruwa na tafe, a kwashe injin ban-ruwa da yara, a hau tudu yanzu. Ta sauke tabarau.

"Malam, wannan wasan naka ne, ko in kira mijina?"

"Gwaji ne."

"Gwaji ya san lambata?"

Na juya ga kwamfutar. Jerin yana ta gangarowa a allo, kowane layi gida ne. Na fizge wayar intanet daga bango, kamar hakan zai dawo da abin da ya riga ya haye kogi.

"Ka aika musu cewa kuskure ne mana!" in ji ta.

Na mayar da wayar intanet ɗin, na aika. Amma mutumin da ya ɗora inji a ka yana gudu ba zai tsaya karanta saƙo na biyu ba. Na kira shugaban ƙungiyar, dattijo ne Bafulatani, wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce shi ke nan, yana cikin masu gudun.

Muka tari keke. Tun daga gadar Binuwai nake leƙen ƙasa. Kogin ya janye, yashi fari fat, ga koren gonaki a gefe, amma idona ba su yake gani ba. Ina ganin tsohuwa ta faɗi a kwari an tattake ta. Ina ganin an tuge albasa ɗanya, aikin wata uku, an watsar. Ina ganin mace ta ƙirga 'ya'yanta ta ga babu ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ruwan gaske zai zo, in aika, su ce ai malamin nan ne na Jimeta.

"Ka daina karkaɗa ƙafa, kana girgiza keken," in ji jami'ar. "In za su dake ka, ni zan ce a hanya muka haɗu."

Muka sauka, muka gangara fadama da ƙafa. Na kasa kunne in ji kururuwa. Inji nake ji, tuf-tuf-tuf. Na ce a raina waɗanda aka gudu aka bari ne.

Sai ga dattijon tsugune, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Mutane kowa a kan aikinsa. Na durƙusa a cikin laka, ban ma kammala gaisuwa ba.

"Bappa, ni ne. Ni na aiko. Ba ruwan da ke zuwa, a yafe min."

Ya dube ni, ya dubi jami'ar.

"Malamin ba lafiya ne?"

"Saƙon, Bappa. Na waya."

Ya wanke hannu a kwatar ruwan, ya je inda ya rataye rigarsa a jikin dogonyaro, ya zaro wayar ya miƙo min.

"Nuna min wane."

Na nuna masa lambar. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata.

"Wannan mara suna? Ai na masu tallar waƙa ne, ka buɗe su cinye maka kati. Ni da kaina na tara mutane na ce kada wanda ya taɓa."

Na gangara da yatsa. Ga na taki, ga na taro, ga na ambaliya, ga ban haƙurina a samansu. Shekara guda ke nan ina aikawa, ba a buɗe ko ɗaya ba.