Harbin Farko na Auta

Shekarar da aka kawo Baba Alƙahira neman magani, muna zaune a unguwar Faisal, hawa na huɗu, a wani gida da in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Ni dama ba mai fita ba ce. Maigidana yana harkarsa ta raka 'yan kasuwarmu sayen kaya, ni kuwa daga kicin sai baranda. Shi ya sa jinyar Baba ta faɗo hannuna, kuma na ji daɗin haka.

Baba maharbi ne, haka ubansa. Mun tashi muna cin gwanki da barewa da gada, a lokacin da dajin garinmu yake daji. Kafin ya tsufa duk an share an yi gonaki, bindigar tana rataye a ɗaki, gizo-gizo na saƙa a bakinta. Da ciwon ciki ya kama shi, likitan Alƙahira ya ce aiki za a yi, amma ba zai taɓa shi ba sai ya yi ƙarfi. Ya ce a ba shi abinci, musamman nama.

To, Baba ya ƙi ci.

Babu abin da ban dafa ba. Na yi farfesun kaza, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka da daddawar da aka kawo mini daga gida. Maƙwabciyata Bamisira ta aiko da romon tantabara. Sai ya kalli kwano, ya kau da kai wajen taga.

“Baba, ko loma ɗaya.”

“Wannan kazar ta taɓa gudu kuwa?”

“A keji ake kiwonsu, Baba.”

“Shi ya sa. Naman da bai taɓa gudu ba, me zai ƙara wa mutum?”

Yana faɗa kamar wasa, amma na san ba kazar ba ce. Baba ya riga ya sallama. Ya ce da ni, ba sau ɗaya ba, a mayar da shi gida ya kwanta kusa da iyayensa. Ruwan shayi kawai yake kurɓa. Duk ranar da muka koma asibiti likita ya ɗora shi a ma'auni, sai ya girgiza kai ya ba mu haƙuri da Larabci, “Ma'alish, ba yanzu ba.” Ina kallon wuyan rigar Baba yana ƙara yi masa yawa.

Ana cikin haka autanmu ya iso daga Kanada. Tun da ya tafi karatu can ya zauna. Shi kaɗai ne a mazan gidanmu bai taɓa bin Baba daji ba. Yana yaro, in aka shigo da dabba tsakar gida, sai ya toshe hanci ya shige ɗaki da littafinsa. Baba bai taɓa dukansa a kan haka ba, sai dai ya daina kiransa Auta, ya koma ce masa Ɗan Boko. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Bayan Auta ya huta ya yi sallar la'asar, sai ya buɗe jaka ya fito da wani ƙunshi, ya durƙusa ya ajiye gaban Baba. Banda ce, baƙa, mai ƙanshin hayaƙin wani itace da ban sani ba.

“Mene ne wannan, Ɗan Boko?”

“Nama ne, Baba. Na wata dabba da suke kira mus. Ni na harbe ta.”

Na yi dariya, Allah ya sani. Na ce, “Kai? Kai da kake gudun yankan kaza?”

“Yaya, bari mana.”

Ya nuna hoton a waya. Dabba ce ta fi gwanki girma nesa ba kusa ba, dogayen ƙafafu kamar na raƙumi, hanci kamar an rataya mata buta, ƙahonin kuwa kamar mutum ya buɗe tafukansa yana addu'a. Ya ce wani dattijon Bature da suke aiki tare ne ya yi ta jansa, har ya nemi izinin farauta daga hukuma ya bi su daji.

Baba ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo. Sannan ya fara tambaya, a muryar da na rabu da ji.

“Namiji ne?”

“Namiji ne.”

“Ka yi bisimilla kafin ka saki?”

“Na yi. Na kuma same shi da sauran rai, na yanka.”

“Ya wahala?”

“Bai yi nisa ba ya faɗi.”

Baba ya gyaɗa kai. Ya miƙa masa wayar, ya ce, “Yaya ɗanɗanonsa?”

Auta ya sunkuyar da kai. “Ban ci ba, Baba.”

A nan bari in yi muku bayani. A gidanmu, dabbar da mutum ya fara harbewa ba ya kai namanta baki da kansa. Wanda ya koya masa zai kai wa. Shi zai fara ci, sannan ya ɗiba ya sa masa a hannu. In bai ci ba, kai ma ba ka ci. Ban sani ba ko haka sauran maharba suke yi, mu dai haka muka tarar. Ni kaina na manta da wannan al'ada, ban kuma zaci Auta ya taɓa saninta ba.

Auta ya ce a can dajin, abokansa suka gasa hanta suna ci, shi yana gefe da burodi, suna ta yi masa tsiya. Rabonsa kuwa ya rarraba wa mutane a masallaci, ya yi bandar wannan ya adana.

Baba ya ture ƙunshin da bayan hannu. “Ba ni na koya maka ba. Kai wa Baturen.”

Na ji kamar in sa baki, na danne.

“Shi ya nuna mini yadda ake riƙe bindiga,” in ji Auta. “Amma da muka ga sawu, su suna son a bi kai tsaye. Ni na ɗebi busasshiyar ciyawa na saki, na ga inda iska take kai ta, na ce a zagaya. Da na hango shi ban harba ba, na jira ya ɗaga kai ya juya kafaɗa. Wannan ba Bature ya faɗa mini ba. A tsakar gida na ji kana faɗa wa su Yaya Babba.”

“Kana ɗaki ai. Kana karatu.”

“Ƙofar a buɗe take, Baba.”

Baba ya juya wajen taga kamar kullum, har na fid da rai. Can, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, “Ke, haƙorana ba za su iya wannan ba.”

Ban jira ya sake magana ba. Na jiƙa naman a ruwan zafi, na tafasa shi da citta da kanumfari da ɗan daddawa har ya yi laushi. Na ɗora ƙaramin turmina a kan matashi, don na ƙasa kada su buga mini silin da sanda, na daka shi ya zama dambu. Ba shi da kitse ko kaɗan. Ƙanshinsa ya cika gidan, ƙanshin da rabona da shi tun ina yarinya, na nama mai ɗan warin ganye. Ina dakawa ina share ido da gefen zani.

Na kai kwanon, na zuba romon a wani. Baba ya sa aka tayar da shi zaune. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗiba. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe.

“Wannan ya yi gudu,” ya ce. “Kusa da ruwa yake kiwo ko?”

“A bakin tafki na same shi.”

Ya sake ɗiba. Sannan ya dunƙula wani, ya ce, “Auta, kawo hannunka.”

Auta ya tara hannu biyu, ya ci, bai iya ɗaga kai ba. Baba ya kalle ni ya ce, “Ke kuma da kika tsaya kamar an dasa ki, ba tuwo a gidan nan?”

Naman bai fi cikin kwano biyu ba, na yi ta jan sa kaɗan-kaɗan. Da ya kusa ƙarewa sai na fara haɗawa da na saniya daga mahautan unguwa. Baba ya gane tun lomar farko. Ya harare ni, ya ci gaba da ci.

Ranar da likita ya kalli ma'auni ya ce, “Tamam,” Auta ne yake riƙe da takalman Baba. An yi aikin, ya tashi, ya koma gida da ƙafarsa. Ya ga damina biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Kafin ya bar Faisal ya sa na wanke masa hoton dabbar. Yayarmu da ke gida ta ce a jikin bango ya liƙa shi, ƙarƙashin bindigar.