Gurbin Kubura a Motar Malbaza

A Gidan Ɗan'azumi, wani ƙauye da ke bayan fadamar Badagishiri, ba a tambayar gidan Kubura, hanci ke kai mutum. Daddawar batso take yi tun tana amarya. Doguwar mace ce marar yawan magana, irin wadda in ta yi dariya sai ka waiga ka ga wa ya faɗi. Mijinta Chindo manomi ne mai saurin fushi, hannunsa kuma ya fi bakinsa sauri.

Ƴaƴa bakwai ta haifa, biyar suka tsaya. Na farin sunansa Illo, amma ba daga bakinta za ka ji wannan suna ba. A garin nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya girma a can ƙarshen gida. Kubura ta riƙe wannan kunya fiye da kowa, har da ita ake yi wa amare misali. "Wancan" take ce masa. Duk wani Illo na duniya kuwa, "mai sunan wancan" ne.

A shekarar yunwa, tamanin da huɗu, Chindo ya mari Illo gaban abokansa a kan jakin da ya kwance ya ɓace. Illo ya naɗe tabarmarsa ya bar gari. Daga baya aka ji yana Malbaza, yana ɗora buhunan siminti a manyan motoci. Shekara huɗu bai leƙo ba. Chindo ya rantse ba zai bi shi ba, Kubura kuwa ba ta da bakin cewa a kai ta. Abin da take iyawa kawai, ranar kasuwa ta matsa da farantinta kusa da inda direbobin siminti ke cin nama, ta kasa kunne. Ba ta taɓa jin komai ba sai zancen taya da jandarma.

Ranin tamanin da takwas aka buɗe makarantar manya a garin. Rumfar zana ce da baƙin allo, da wani malami mai siririn wuya, Mushe Mutari, don a can Mushe ake ce wa malamin boko. Maza da safe, mata bayan azahar. Ran farko Kubura ba ta je ba, ta ce ita da alli sai dai na lissafin bashin fura a kan bango. Ran na biyu labari ya zaga gari cewa idan an gama karatu za a yi jarrabawa, mata goma da suka ci za a sa su a mota a kai su buɗe ido: su ga gonakin rani na Ƙonni, su shiga izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza. Ran na uku, kafin Mushe ya iso, Kubura ta share rumfar ta zauna a gaba.

Mata ashirin da uku ne, gurbi goma. Babu wadda ba ta gane abin da ya kawo Kubura ba, kuma babu wadda ta gane shi kamar Zalika. Zalika taubashiyarta ce, ɗiyar kawunta, wadda al'ada ta ba izinin ta faɗa mata duk abin da ta ga dama a ce wasa ne. Ita ce kuma shugabar mata, saboda yayanta ne maigari.

"Kubura, siminti za ki saya ki yi wa tukunyar batso daɓe?" in ji Zalika.

"Karatu na zo."

"Ayyo. Karatu. Allah shi ba da sa'a, malama."

Wata huɗu Kubura tana karatu kamar mai haƙar rijiya. Tana tankaɗe tana zana baƙaƙe da yatsa a cikin gari. Ta karanta buhun taki, ta karanta gwangwanin tumatir, ta karanta bayan rigar Chindo, wanda ya yi shekara biyu yana yawo da tallar batir bai sani ba. Zalika kuwa a wata huɗun nan harafi ɗaya ta kama, mai kama da bakin rijiya, shi ma wani lokaci sai ta bar shi a buɗe.

Ranar jarrabawa wani babba ya zo daga buro, wato ofishin gwamnati, da tabarau da takalmi mai ƙara. Bahaushe ne, amma ya daɗe a Yamai har ya manta da abin da uwarsa ke kiransa. Maza suka taru a bayan zana suna leƙe. Tsofaffi suka shimfiɗa tabarmi, har da uwar Chindo da sandarta. Babban ya ce ba zai yi aiki da littafi ba, don ya san halin mutanen ƙauye da hadda. Shi zai rubuta nasa a allo, kowace mace da nata layi.

Aka zo kan Kubura. Ya ɗaga alli ya juyo.

"A ba ni sunan namiji, gajere."

"Illo!" in ji Zalika, tun bai rufe baki ba.

Rumfa ta yi tsit, irin tsit ɗin da dariya ke kwance a ƙarƙashinsa. Babban ya rubuta. Kubura ta miƙe, ta dubi allo, ta karanta da murya sarai:

"Mai sunan wancan ya kai akuya kasuwa."

Dariya ta fashe har zana ta girgiza. Babban ya cire tabarau.

"Kalma ɗaya na rubuta a nan, ke kin karanta uku. Wannan ai cinta ce. Mushe, ita ce ka ce min ta fi kowa?"

Mushe Mutari ya san komai. Magana biyu za ta kashe zancen. Amma shi ma aikinsa na baɗi a hannun mai tabarau yake, sai ya duƙa yana neman wani alli da bai faɗi ba.

"Sake," in ji babban, yana buga kalmar da sanda. "Wannan kaɗai. In ba ki iya ba ki zauna, akwai masu jira."

Kubura ta dubi ƙasa. Ta ji idon surukarta a ƙeyarta kamar garwashi. Shekara ashirin da ɗaya tana kewaye sunan nan kamar mai kewaye rami a hanya. Ta ƙirga waɗanda suka riga suka ci: takwas. Bayanta akwai mata biyar, uku daga cikinsu sun iya.

"To, zauna."

"Illo," in ji Kubura.

Da ƙyar ya fito, kamar an ciro ƙaya.

"Ban ji ba."

"Illo ya kai akuya kasuwa."

Zalika ta rangaɗa guɗa. "Jama'a ku shaida! Yau an yi suna na biyu, ina ragon?" Uwar Chindo ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta ce ita dai ta gode Allah da kunnenta ɗaya ya mutu, da ta ji abin duka. Babban, wanda bai san abin da ya yanka ba, ya ce madalla, ya rubuta Kubura ta tara.

Kwana shida kafin tafiya, Kubura ta sha gori iri iri. A bakin rijiya mata suka riƙa kiran ƴaƴansu na fari da "wancan" da ƙarfi, suna kallonta. Chindo ya ce tunda boko ya buɗe mata baki, saura nasa sunan, ta faɗa ya ji daɗinsa. Kubura ta ci gaba da shirinta. Ta daka daddawa mai kyau, ta ƙulle wa wancan a sabon ƙyalle, ta wanke zanenta na salla.

Ranar tafiya aka jera bencina a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Mata goma suka hau, ta goma sha ɗaya Zalika, wadda ba ta ci jarrabawa ba amma ai ba a tafiya babu shugaba. A Ƙonni aka nuna musu ruwa yana bin magudanar siminti da ƙafarsa, babu guga babu igiya, mata suna ta salati. Kubura rana kawai take duba.

Bayan azahar suka shiga Malbaza. Wani ma'aikaci mai hular ƙarfe ya zaga da su. Ya nuna inda ake fasa dutse, ya nuna wata ƙatuwar tanda mai juyawa da ya ce wutarta ba ta mutuwa. Mushe yana cewa a lura da kyau, gobe kowa za ta rubuta abin da ta gani. Daga ƙarshe aka fito filin lodi.

Maza sun kai talatin, suna ɗauko buhu suna rugawa kan katako zuwa cikin mota. Duk sun naɗe fuska da tsumma, ido kawai a waje. Siminti ya mayar da su launi ɗaya tun daga gashi har tafin ƙafa. Nan Kubura ta gane abin da ba ta lissafa ba. Ba ta taɓa tsayawa ta kalli fuskar ɗanta ba. Ƙeyarsa ta sani, da tafiyarsa idan ya ba ta baya, don a nan ne kaɗai take iya kallonsa ba a kama ta ba. To ga ƙeya a naɗe, kuma a ƙarƙashin buhu kowa tafiyarsa ɗaya.

Wani dogo ya tsaya da buhu a kafaɗa, ya dubi matan. Kubura ta matsa gaba taku ɗaya. Aka daka masa tsawa daga baya, ya wuce. Wani ma ya tsaya. Shi ma dogo ne.

Mai hular ƙarfe mutumin kirki ne. Ya ce, "In akwai mai ɗan'uwa a nan, ta faɗi sunansa in kira mata shi. Minti biyar gare mu."

Mata goma suka juyo suka dubi Kubura. Kowace a cikinsu ta san sunan, kowace tana iya faɗinsa ba abin da zai same ta. Wata ƙaramarsu, Zara, har ta buɗe baki, Zalika ta taka mata ƙafa.

"Wa zai riga uwa?" in ji Zalika. "Ga ta nan, ranka shi daɗe, ta iya. Gaban maza ta hwaɗe shi, har sau biyu. Kira shi mana, Kubura, ai bakinki ya saba. Ko sai an rubuta miki a allo?"

Masu lodi na kusa suka rage sauri suna saurare. Kubura ta duba su. In yana cikinsu, zai ji uwarsa tana kwala sunansa a tsakiyar abokan aikinsa, kuma daga yau shi ma ya samu abin da za a riƙa kiransa da shi. A rumfa kanta kaɗai ta zubar. Nan da shi za ta haɗa.

"Ba ni da kowa nan," in ji ta.

"To, mu tafi," in ji mai hular ƙarfe.

A hanyar dawowa Zalika ta ce warin ƙullin nan ya ishe su, ko a jefar ko a raba. Aka raba. Kowa ta yaba, aka ce ba ta taɓa yin mai daɗin wannan ba.

Washegari Mushe Mutari ya raba takardu, kowa ta rubuta abin da ta gani. Masu surutu suka cika shafi da kuskure. Kubura ta rubuta layi ɗaya: "Na ga siminti." Babu gyara ko ɗaya a ciki. Mushe ya liƙa ta a jikin allo don ƴan baɗi su ga yadda ake rubutu mai tsabta.

Ta samu takardar shaida mai hatimi. Ba ta sake komawa rumfar ba, kuma ba a sake yi wa amare misali da ita ba. Ta ci gaba da daddawarta har ƙarfinta ya ƙare. Matan garin kuwa, da yake ba su barin abin kirki ya lalace, har ta tsufa "Uwar Illo" suke kiranta, da ƙarfi, daga wancan gefen kasuwa. Ita kaɗai ce a garin ake kira da sunan ɗan fari, kuma dole ta amsa, don mai saye ne ke kira.