Ramar da Na Shuka a Morrisania

A shekarata ta biyu a New York na samu aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wata farfesa mai binciken ƙasar noma. Aikin ba wani abin faɗa ba ne: wanke kwalabe, auna ƙasa, rubuta lambobi a littafi. Mijina yana aikin asibiti, muna zaune a unguwar University Heights da ke yankin Bronx, hawa na huɗu, a gidan da lif ɗinsa yake aiki ranar da ya ga dama.

Abin da farfesar take bi wasu bakteriya ne da ke zama a jikin saiwar tsiro. Ni dai na taso da sanin duk abin da aka kira bakteriya ciwo ne, sai a nan na san akwai na kirki. Ƙasar da ta sha dalma da sauran ƙarafa masu guba, tsiro ba ya tashi a cikinta, sai ya tsumbure ya yi rawaya. Amma in aka jiƙa iri a ruwan waɗannan bakteriya kafin a shuka, suna taimaka wa saiwar ta jure, su narkar mata da abinci, tsiron ya miƙe. Yana girma yana zuƙo gubar yana tarawa a jikinsa. In ya isa sai a tumɓuke shi, a cusa a buhu, a kai inda ake kai shara mai guba. Tsiron dai tsumman goge ƙasa ne.

Wurin gwajin wani lambun unguwa ne a Morrisania, ita ma cikin Bronx, tsakanin dogayen gidaje biyu. Da can garejin gyaran mota ne, an yi shekaru ana zubar da batir da fenti a wurin. Mutanen unguwa suna shuka a gaba, cikin akwatunan katako da aka cika da ƙasar sayowa. Can baya kuwa ƙasar asali ce, ba mai taɓa ta. Nan aka ba mu.

Farfesar ta ce tana son tsiron da ba wanda zai ci. Ta soke guda biyu ko uku saboda mutanen unguwar suna sa su a tukunya. Rannan ta shigo da ambulan, ta ce ta samu wanda ya dace, wannan igiya da takarda kawai ake yi da shi. Na zazzage irin a tafin hannuna. Wallahi da ganin 'ya'yan na san rama ce.

Ban gaya mata ana ci ba. Na daɗe ina gaya wa kaina wai don ni sabuwa ce, wai ban so in yi wa shugabata gyara a gaban mutane. Akwai wannan. Amma gaskiyar ita ce ina son in ga rama ta tsiro a Bronx. Shekara biyu ban sa ɗanyen ganyenta a ido ba, kuma na ce a raina Bahaushe nawa ne zai biyo ta bayan wani tsohon gareji?

Da sanyi ya wuce muka shuka kunya shida, uku da bakteriya, uku babu. Muka zagaye da igiya, muka kafa allo da Turanci da Sifaniyanci: kada a ci.

A satin nan na haɗu da Hajiya. Tsohuwa ce, mutuniyar Maraɗi, ta zo zama da 'yarta mai cikin fari. 'Yar tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, mijinta direban tasi, ba wanda yake wuni a gida, sai Hajiya ta karɓi makullin lambu ta riƙe akwatinsu na tumatir da kuɓewa. Ta ji ina waya da Hausa, ta ajiye butar ban ruwa ta taho.

“Ke ɗiyar ina ce?”

Na ce Kano. Ta dubi safar hannuna ta roba da abin rufe hanci, ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

“Ikon Allah! Yau na ga manomiya mai tsoron ƙasa.”

Daga nan kullum na zo sai mun zauna a kan benci. Tana ba ni labarin gonarta ta gero, ina cika mata takardun asibiti. Na ji daɗinta ƙwarai, don ba ni da kowa babba a garin nan.

Zuwa tsakiyar zafi kunyoyin sun bambanta, ko makaho ya shafa zai gane. Marasa bakteriya ko gwiwata ba su kai ba, ganyen rawaya, duk a murtuke. Masu bakteriya kuwa sun kai ƙirjina, kore shar, ganye fato-fato. Ko a gida ban taɓa ganin rama mai kyan wannan ba. Hajiya ta tsaya a bakin igiya ta daɗe tana kallo.

“Ɗiyata, wagga rama taku ta yi kyau.”

“Hajiya, ta aiki ce, ba ta ci ba ce. Ƙasar wajen ba ta da kyau.”

Ta dube ni, ta dubi ramar, ta ce, “To.”

Na san irin wannan to ɗin, don ni ma ina yi wa mijina. Kamata ya yi in zaunar da ita in ce guba ce, tana shiga jini, tana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Amma na ji nauyin tsayawa ina yi wa sa'ar uwata lacca a kan ganye. A gida wa yake hana ganye? Mace ta biyo ta gonarka ta tsinki na miya, ko sallama ba sai ta yi ba. Na ji tsoron ta ce 'yar boko ta yi mata rowar rama, sai na koma kan awona.

Bayan kwana biyu na fara ganin an ƙwaƙule kan wasu tsirrai. A littafin aiki na rubuta cewa kurege ne, don garin nan ba abin da ya fi kurege yawa. Kurege dai ba ya zaɓar ɗanyen toho ya tsinke da farce, ya bar kara ya yi rassa. Na san hannun mace in na gani. Duk da haka kurege na rubuta, har sau uku.

Wata Juma'a da la'asar ina zaune a benci, Hajiya ta zo da kwano a rufe ta ajiye a cinyata. Kwaɗon rama ne, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa da barkono. Na ci, ba zan ɓoye ba, loma uku ko huɗu na yi kafin hankalina ya dawo jikina.

“Hajiya, ina kika samu ɗanyar rama?”

“Rabonki ne. Gonarki ce, ai bai kamata mu yi ta ci ba ki ɗanɗana ba. Kuma kada ki damu, ban taɓa maras lahiyar nan ba, mai rawaya. Mai kyau nika zaɓa.”

“Ku yi ta ci? Ke da wa?”

Ashe 'yarta ce cikin ya sa wa kwaɗayin tsami. Komai ta ci sai ya dawo, ramar nan kaɗai ke zama. Kusan wata guda ke nan, kusan kullum.

A nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko, sai dai da ihu na yi shi. Na ce dalma ce, na ce guba ce, na faɗi duk abin da take yi wa jariri. Hajiya ta ce haba, sau biyu take tafasawa tana zubar da ruwan. Na ce tafasa ba ta fitar da ƙarfe. Ta ce ta fi shekara arba'in tana noma, ƙasa mai dafi ba ta ba da ganye irin wannan, ganye shi ke faɗin lafiyar ƙasa. Kuma a duk gonar da ta taɓa sani, gaskiyarta ne. Mu ne muka zo da abin da ya sa ganye ya yi ƙarya, kuma wanda ta ga ya fi kyau shi ya fi shan gubar.

Muka tafi gidansu tare. 'Yar ta dawo aiki ke nan, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan kujera. Ita ba ta buƙaci dogon bayani ba, ta san dalma, ana yi musu faɗakarwa a wurin awo. Ta dafa cikinta ta tambaye ni abu ɗaya: “Anti, kin san Mama tana tsinka?” Na ce na yi zato.

Ranar Litinin aka ɗibi jininta. An samu dalma, ta haura inda likitoci ke so, ba ta kai ta tashin hankali ba. Suka ba ta magungunan ƙarin jini da na ƙashi, suka ce a riƙa dawowa gwaji. An je an duba fentin gidansu, shi ma tsoho ne, irin mai dalma a ciki, don haka likitar ta ce ba za ta iya rantsewa daga ina abin ya fito ba. Mijina ya ce in riƙe wannan maganar in samu sauƙi. Ban riƙe ba.

Na gaya wa farfesar. Ta tambaye ni ko na san ana cin tsiron tun ranar da ta kawo irin, na ce na sani. Ba ta kore ni ba, ni kuma a lokacin da ta kore ni da na fi jin daɗi. A satin muka tumɓuke komai. Hajiya ta zo ta tsaya, can ta miƙo hannu ta ce in ba ta safar roba. Ita ta riƙe bakin buhu ina cusawa. Da aka auna ganyen a lab, masu bakteriya sun fi tara ƙarfe nesa ba kusa ba. Gwajin ya yi nasara. Ni na shigar da lambobin a kwamfuta.

An haifi yarinya mace da shigowar sanyi, lafiya lau, da gashinta baƙi wuluk. Na je suna. Da yarinyar ta yi wata shida bizar Hajiya ta ƙare, ta koma Maraɗi.

Yanzu yarinyar tana da shekara biyu da rabi. Tana gudu, tana dariya, tana gane sunanta, amma magana ba ta wuce kalma biyu ko uku ba. Likita ta ce yara sun bambanta, kuma gidan da ake Hausa da Faransanci da Turanci, yaro yakan yi jinkiri. Mai yiwuwa haka ne. Ba wanda zai iya gaya mini, kuma na daina tambaya.

Duk Asabar nakan hau bas in je Morrisania. Uwar tana buɗe mini ƙofa, mu gaisa, ba yabo ba fallasa. In zauna a kafet in riƙa nuna wa yarinyar abubuwa ina faɗin sunansu: cokali, takalmi, ruwa. Ta kalli bakina, ta karɓi cokalin ta tafi abinta.

Kafin in iso gida saƙon murya ya shigo daga Maraɗi. Hajiya ba ta tambayar 'yarta wannan, ni take tambaya. Ta gaishe ni, ta gaida maigidana, ta tambayi sanyi, sannan ta yi tambayarta.

“Ɗiyata, ta yi magana?”

In danna wayar in ce, “Hajiya, da saura.”