Sallar da Muka Yi da Kwali da Ƙaro

Shekarun baya, ana saura kwana tara ƙaramar Sallah, 'yata ta faɗo daga kan katangar gidanmu a Gashua ta karye a ƙafa. Shekararta bakwai a lokacin. Wai mangwaron maƙwabta take leƙe. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce ko da wasa kada ta taka ƙasa sai ya dawo ya kwance da kansa.

Ku da kuke da yara kun san ba karayar ce ta fi damunta ba. An riga an ɗinka mata atamfa, an sayi takalmi, ita da ƙawayenta sun gama tsara gidajen da za su bi yawon Sallah tun daga layinmu har bakin kasuwa. Duk wannan ya rushe. Yarinyar da surutunta ke hana mu sauraron rediyo ta juya fuska bango ta yi gum. Na kawo tsire, ta ƙi. Na lallaɓa, na yi wasa, sai ta ce, "Baba, ni bana ba ni da Sallah." Wallahi maganar nan ta dake ni.

Ni sana'ata banda ce, kifin da ake kyafewa a zuba a kwali. To kwali kam ba na rasawa. Sai dabara ta zo mini, na ce bari in ƙawata mata ɗakin. Na kwaso kwalaye daga shago, na ari almakashin matata ba da saninta ba, na dama fulawa a gwangwani. Bakina da azumi na zauna ina yanka wata da taurari, ina liƙawa a bango, ina jin kaina wani gwani.

Abin da na manta shi ne, hancina ya shekara ashirin a cikin kifi, ya daina jin komai. Matata na dawowa daga unguwa ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci da mayafi.

"Innalillahi! Maigida, me ya mutu a ɗakin nan?"

Na ce ado ne. Ta ce adon ƙudaje dai, ga su nan har sun fara zuwa barka. Kafin a sha ruwa magen maƙwabta ta shigo sau biyu, kiyashi kuma ya yi layi a kan fulawar. Matata ta kunna turaren wuta, ƙamshi ya haɗu da ƙarni, abin ya ƙara lalacewa. Ina tsaye kunya ta ishe ni, sai na ji wata 'yar murya daga kan gado.

"Baba, wancan wata ne ko ayaba?"

Ta fashe da dariya har tana riƙe ƙafar. Rabona da jin dariyarta tun ranar da ta faɗo. Na ce a raina, a yi ta yi mini, na yarda.

Kwana biyu bayan nan mahaifiyata ta iso daga Nguru duba jikarta. Da aka ba ta labari, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da girmanka, da fulawa ake liƙi? Tuwo za ka yi wa bangon?" Ita ta yi ƙuruciyarta tana tsintar ƙaro a Nguru, kuma ba ta rabuwa da shi a ƙullin zane. Ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta sa aka tattaro tsofaffin kalandu, kwalin sukari, kwalin shayi, da ledojin alawa masu launi. Kowace takarda sai ta juya ta gaba da baya, in ta ga aya ko sunan Allah ta ware ta gefe, ba a sa mata almakashi.

Sannan ta zauna a bakin gado ta ce, "Ƙawata, tunda ba za ki je gidan kowa ba, to kowa ya zo gidanki. Bana ke ce mai ba da barka da Sallah."

Yarinya ta tashi zaune. "Kaka, me zan ba su?"

"Abin da za mu yi da hannunmu mana."

Kwana shida ɗakin ya koma wajen aiki. Suka yi mafitai na kwali da mariƙin tsinken tsintsiya, suka rina su da ruwan zoɓo da bular wanki. Suka yi huluna masu tsini da kalanda. Amma wanda ya fi burgewa shi ne tabarau, kwalin sukari da ledar alawa a idon, in ka saka sai ka ga garin duk ya koma ja ko kore. Ni kuwa an kore ni daga almakashi. Aikina dama ƙaro kawai, shi ma 'yata sai ta duba ta ce ya yi ruwa.

Ranar Sallah muka dawo daga Idi, aka yi mata kwalliya, aka ɗauko ta aka zaunar a zaure, ƙafa a miƙe, faifai cike da kayan da suka yi a gabanta. Muka jira. Shiru. Muna jin hayaniyar yara a can bakin titi, ba wanda ya leƙo. Na ga tana ta gyara jerin kayan da ba su buƙatar gyara. In wannan ma ta rushe ban san me zan ce mata ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na cire hulata na kafa ta kalanda, na maƙala jan tabarau, na ɗauki mafici, na fita ƙofar gida da babbar rigata na tsaya ƙiƙam ina fifita. Abokina da ke wucewa a kan babur ya ja birki.

"Alhaji, lafiya? Ko azumin ne ya taɓa ka?"

Na ce, "Wuce, aiki nake."

Ai kuwa minti kaɗan yara suka yanyame ni, kowa na tambayar inda na samo. Na nuna zaure. Jama'a, sai ga zaurenmu ya cika maƙil. Hajiyar, wato 'yar tawa, tana zaune tana mulki, ba ta miƙa wa kowa sai ya gaishe ta yadda ake gaida manya. Wannan ta ce masa koren tabarau ya fi dacewa da shi, waccan ta ce mata ta koma bayan layi. Ƙawayenta da suka shigo suka fasa yawon gaba ɗaya, suka zauna har la'asar. Da kaya suka ƙare aka ɗauko almakashi aka ci gaba da yanka a nan take. Na leƙa layinmu na ga yara ko'ina da hulunan takarda suna ta fifita a cikin zafin nan na Gashua, na yi dariya har da hawaye.

Daga baya na gane ni ne ban fahimce ta ba tun farko. Na ɗauka yawon take kuka a kai, ashe tsoronta a yi Sallah a manta da ita a ɗaki. Mahaifiyata ta gane wannan tun kafin ta ajiye jakarta.

Yanzu yarinyar ta girma, ƙafa ta warke sumul, har ta kusa kamo ni tsawo. Kwanan baya muna hira na tambaye ta wace Sallah ce ta fi yi mata daɗi a rayuwarta. Ko tunani ba ta tsaya yi ba.

Ta ce, "Baba, wadda na karye mana."