Mai Mikiya a Kasuwar Kara

Yaya Talatu, daren jiya na yi wani mafarki, ga shi rana ta take amma ya ƙi sakina. Ke ce mai fassara a gidanmu tun rasuwar Inna, duk da dai fassararki ba ta cika wuce "yi sadaka" ko "rage cin wake" ba. Wannan karon ki daure ki saurara da kyau.

Sai na fara gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, in ba haka ba mafarkin zai zame miki shirme. Kin san ni da gyaran kayan sauti a nan Jos. Abin da ba ki sani ba shi ne ina haɗa amfulifaya da hannuna, tun daga katako har murfi. Akwatin nan ne da ake jona gitar bes a jikinsa, sautin ya fito da kauri har ki ji shi a ƙirjinki. Irin ta tsohon yayi nake yi, mai kwalabe a ciki kamar ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi ja sun ɗau zafi kafin murya ta fito. Taransifomar ma ni nake naɗe ta da wayar tagulla, zagaye bayan zagaye, duk inda na kai ɗari sai in ɗaura jan zare don kada ƙirgan ya ɓace mini. Guda ɗaya takan cinye mini wata biyu.

Alhaji Tanko mai shagon kayan kiɗa ne ke kwashewa. Tun ranar farko ya ce mini, "Garba, aikinka ba shi da makusa, amma fisabilillahi wa zai sayi amfulifayar Garba?" Sai ya sa aka bugo masa faranti mai sunan Turanci da hoton mikiya, yana ɗaurawa a goshinta. Mutane suka sa mata Mai Mikiya. Ya sa na yi masa alƙawari, hannuna cikin nasa, cewa ba zan faɗa wa kowa daga inda take fitowa ba. Ke dai ba kowa ba ce, shi ya sa. Guda tara na yi masa, babu wadda ta taɓa dawowa gyara.

To bara sai kasuwa ta buɗe masa, ni kuma ba na sauri. Ya yi odar wasu daga waje cikin kwantena, ya ɗaura musu mikiyar nan. A ido ba kya bambance su da nawa. Ciki kuwa fanel ne, ɗan allon wayoyi siriri kamar ɓawon albasa, da taransifoma 'yar mitsitsiya. Biki biyu, biki uku, sai hayaƙi. Yanzu duk gari cewa ake Mai Mikiya ƙonewa take yi. Abokina Danjuma, mai kaɗa bes a bukukuwa, yana da ɗaya daga cikin tarar nan tawa, shekara huɗu ko tari ba ta taɓa yi ba. Shekaranjiya ya shigo shagona ya ce ranar Asabar zai kai ta a yi masa musanya, kafin ta kunyata shi a bainar jama'a. Ya ce, "Ko ya ka gani, Injiniya?" Na ce masa bari in yi tunani.

Ga mafarkin. Na gan ni a kara, kasuwar shanun garinmu, da rana tsaka, ina sanye da rigar aiki amma ba takalmi. Babu saniya ko ɗaya. Amfulifayoyi ne a ɗaure a turaku, kowace da igiyarta, wasu a tsaye, wasu a kwance suna tuƙa. Ban yi mamaki ba. Har na tsaya ina duba wadda ta fi ƙiba.

Alhaji Tanko ne dillali. Yana zaune kan turmi a gaban wuta, riƙe da ƙarfen da ake yi wa shanu shaida, ya yi ja zur. Duk abin da aka kawo gabansa sai ya ɗana masa mikiya. Aka kawo amfulifaya, ya ɗana. Aka kawo rediyo, ya ɗana. Wata mata ta kawo tukunyar miya, ya ɗana, ta durƙusa ta yi godiya ta tafi. Na ce, "Alhaji, wannan ai tukunya ce." Bai ɗago ba.

Sai kawai na ji ƙugi daga can ƙarshen kasuwa, mai zurfi, irin wanda ke fara shiga mutum ta tafin ƙafa. Na san muryar. Ta shida ce a cikin tarar, wadda ke hannun Danjuma, ina tsakiyar naɗa taransifomarta aka haifa mini Binta. Ta hango ni tana fizgar igiya tana son zuwa wurina. Danjuma ne riƙe da igiyar, sanye da baƙar kwat ɗin da yake zuwa biki da ita, yana janta ɗaya gefen. Na kira shi sau biyu. Ya waiwayo ya yi mini murmushi, ya ci gaba da ja.

Na bi su. Sai kawai kasuwar ta zama ɗakin taron biki, an jera fararen kujerun roba, amma ƙasa har yanzu kashin shanu ne. Ango da amarya na zaune a sama, ban ga fuskarsu ba. A wurin makaɗa kuma teburin mahauci ne, mahaucin na tsaye yana wasa sukundireba a kan dutse. An riga an feɗe Masu Mikiya uku an rataye. Ba komai a cikinsu sai ƙaiƙayi, yana zuba a hankali, jama'a na ta tsaki. Wani a baya ya ce, "Duk uwarsu ɗaya."

Aka kwantar da tawa, aka fuskantar da ita gabas. Kwalabenta na ci, alhali ko wayar wuta babu a jikinta. Mahaucin ya shiga kwance notinan bayanta ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo mini, ina karɓa ina zubawa a aljihu. Da ya ɗaga murfin sai cikinta ya bayyana. Wayoyi a jere kamar sabon kitso, dalma na ƙyalli, taransifoma ta cika rabin cikin, ga jan zarena ɗauri-ɗauri. Mutane suka taso daga kujeru suna leƙe. Har amarya ta sauko.

Mahaucin ya ce, "Wannan ba 'yar'uwar waɗancan ba ce. Wa ya yi ta?"

Na waiga ko Alhaji na kusa. Babu shi, babu turmin, babu wutar. Mahaucin ya sake tambaya. Sai Danjuma ya juyo ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai ka san kayan nan. Aikin wane ne?"

Yaya, babu abin da ya riƙe mini baki. Kin san a mafarki mutum kan so ya yi ihu murya ta ƙi fita. Ni tawa garau take. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na ce, "Ai wannan aikin Turawa ne. Su ba sa wasa."

Jama'a suka ce ƙwarai kuwa, suka hau tafi. Ga abin da nake jin kunyar faɗa miki: daɗi na ji. Daɗi sosai. Ana yabon aikina da sunan wasu, kuma yabon ya fi mini girma a haka fiye da a ce na Garba ne.

Sai kawai kwalaben suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, daga hagu. Ƙugin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Mahaucin ya ce, "To, tunda mai ita ba ya nan," ya naɗe hannun riga. Danjuma ya saki igiyar, ya karkaɗe kwat ɗinsa. Nan na farka, gari ya fara wayewa, matata na tsaye a kaina tana tambayata me nake tafa wa.

Shekara shida ina gaya wa kaina alƙawari ne ya ɗaure ni, alƙawari kuma kaya ne. Na sha zagin Alhaji a zuciyata, musamman da ya cuɗa nawa da na kwantena. Amma a mafarkin nan lokacin da aka tambaye ni ba ya wurin, ni kaɗai ne da bakina, kuma kin ji abin da bakin ya faɗa.

Asabar jibi ne. Ina iya rufe shago yanzu in tafi gidan Danjuma in gaya masa gaskiya. Alhaji zai ji, zai daina karɓar nawa. Wannan zan iya ɗauka, gyara na ciyar da ni tun kafin in san shi. Abin da nake tsoro fuskar Danjuma ce. Shekara huɗu yana shafa amfulifayar nan a gaban mutane yana cewa daga ƙetare ta zo, ni ina tsaye a gefe ina gyaɗa kai.

Ki duba mini, Yaya, kuma don Allah ban da maganar wake. Mafarkin nan cewa yake in je, ko gargaɗi yake mini? In na ce masa hannun Garba ne ya yi ta, zai fasa musanyar, ko kuwa ba zai ma jira Asabar ba?