Kawu Illa ya kori tarihin Tamaske daga aji

Jama'a, ku rubuta ranar yau: a Madawa ilimi ya yi karo da jahilci, kuma an kwashi gawa!

Kawu Illa, tsohon direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, ya kira ni da hantsi, da yake ni mai gyaran inji ne. Shekara huɗu yana rubuta tarihin garin Tamaske a ordinater ɗinsa, wato kwamfuta. Wani antibirus na ƙarya, wai shi maganin cutar inji, ya maƙale masa kamar kaska, kullum sai jan rubutu: inji ya kamu!

Na goge shi, ya dawo. Na sake gogewa, ya dawo da ƙaninsa! Sai na kashe intanet, na tayar da injin ta ƙofar baya, na tumɓuke shi har saiwa. Awa biyu! Na ce, "Kawu, buɗe littafinka."

Wayam!

"Kawu, ina babi goma sha biyu?"

Ya gyara tabarau. "Duk babin da antibirus ɗin yac ce ya kamu, na kore shi. Yaro mai ƙyanda ba ya zama aji."

"To, kwandon sharar injin fa?"

"Ni ƙazami ne? Kullum sahe nika zubar da shi."

Na gaya masa abin nan ƙarya yake shara masa tun farko. Ya zauna a hankali. Matarsa, Inna Hajo, ta leƙo: "Alhamdu lillahi! Yau baƙi za su ci tuwo ba a karanta musu babi ba."

Na yi ta tono har na ceto shafi guda, shafin godiya. Mutum talatin da ɗaya ya gode wa. Babu sunana.