Shekarar da Aka Daina Juya Baya a Watanda

A unguwarmu ta Dudunni ba a ƙaramar Sallah sai da watanda. Magidanta su haɗu su sayi sa, a yanka, a kasa. Tun kafin a haife ni aikin hannu uku ne. Dattawa su tsayar da yawan kashi da abin da zai shiga kowanne. Mai wuƙa ya kasa. Sannan wani ya juya baya, a nuna kashi a ce "na wa?", ya kira suna bai ga naman ba. Babana ne mai wuƙa, Malam Isiya ne mai juya baya.

Wata shekara gardama ta yi tsawo har nama ya fara canja launi a rana. Da Sallah ta zagayo, mutane suka ce Baba ya riƙe duka ukun, tunda kowa ya yarda da shi. Ya karɓa. Ana saura kwana biyu, bayan shan ruwa, Malam Isiya ya yi sallama a zaure. Muna tsakar gida muka ji murya ta tashi.

"Ni kake zargi, Isiya?" in ji Baba.

"Ban zarge ka ba. Cewa na yi ba haka muka taras ba."

Baba ya shigo yana huci, ya tsaya bakin rumbu. Ni kam tsoro ya cika ni, don ban taɓa ganinsa haka ba.

Kakarmu Iya tana bakin murhu. Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa a gabanmu. Sai ta tura itace cikin wuta, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso, ga ta nan tafe. Mai kunne shi tara."

Labarin wani gari ne da ake rabon naman farauta kamar namu. Yunwa ta zo, mutane suka gaji da jayayya, suka damƙa komai ga wani maharbi mai tsoron Allah. Shi ke faɗin ƙa'ida, shi ke yanka, shi ke miƙawa. Shekara da shekaru ko marayan garin bai yi kuka ba.

"To Iya, ai ya yi daidai," na ce, don Baba ya ji ina bayansa.

"Kai da azarɓaɓi! Mutum shina dawwama ne?"

Maharbi ya mutu, ɗansa ya ɗauki wuƙa. Ya fara da tsoka ɗaya, ya koma cinya, har ya zama gari na tafiya da ƙashi. Suka ce a kai ƙara. Wurin wa? Dattawan da suka san ƙa'ida sun ƙare, mai juya baya kuwa yara ba su ma san an taɓa yin sa ba. Dole suka kai ƙarar mai wuƙa wurin mai wuƙa. Nan Iya ta tsaya, ba ta rufe tatsuniyar ba.

Baba ya ce, "Iya, in da ni kike, ban taɓa cin haƙƙin kowa ba."

"Na sani," ta ce, idonta na kan wuta. "Ni da yara nike."

Bai janye ba. Ya riƙe watanda har ƙarshen ransa, kuma wallahi ba wanda ya taɓa cewa an rage masa. Na girma ina ganin Iya ta so ta yi masa rashin adalci.

Yanzu ina koyarwa a Kankia. Nakan rubuta wa ɗalibai a allo cewa majalisa ke yin doka, shugaban ƙasa ya zartar, kotu ta duba. Amma ranar da majalisa ta riƙe ƙudurin shugaban da na zaɓa, ko kotu ta taka masa birki, ni ne kan gaba wajen masifa a majalisar shayi: a bar mutumin kirki ya yi aiki mana! Maganar da mutanen unguwarmu suka yi ke nan, ban ankara ba.

Da Baba ya rasu, ni aka miƙa wa wuƙar, da duka ukun. A shekara ta huɗu na tsinci hannuna yana tura hanta cikin kashin da na riga na san gidana zai je. Magidanta sun fi ashirin a tsaye, sun gani sarai. Na ɗaga kai ina jiran wani ya ce mini kul. Babu wanda ya ce komai, sai ma wani da ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗan marigayi." Na kai naman gida, aka soya, na kasa ci.